Ƙididdigar Mace-Mace a Matsayin Rigakafin Kisan Kai da Kashe Kai: Shawara Daga Ƙofar Galadima, Birnin Zariya

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu nuna cewa ana iya tunkarar zub da jini kamar yadda ake tunkarar annoba, watau a san inda yake aukuwa, da lokacin da yake aukuwa, da abin da ake aikata shi da shi. A nan, idan muka ce kisan kai muna nufin mutum ya hallaka wani, kashe kai kuwa mutum ya hallaka kansa.

A 1996 Hukumar Lafiya ta Duniya ta zartar cewa tashin hankali matsala ce ta lafiyar jama'a. Rahotonta na 2002 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.6 ne suka mutu ta wannan hanya a 2000, kuma kusan rabinsu kansu suka kashe.

Amfanin Ƙididdiga

A Kadif ta ƙasar Birtaniya, wani likitan fiɗa, Jonathan Shepherd, ya lura cewa da yawa daga waɗanda ake kawowa asibiti da rauni, 'yan sanda ba su da labarinsu. Sai asibiti ya shiga rubuta wuri da lokaci da makami, ba tare da sunan kowa ba, yana miƙa wa hukuma. Da wannan aka sake tsarin sintiri. Binciken da aka buga a 2011 ya nuna cewa masu kwanciya asibiti saboda irin wannan rauni sun ragu da kashi 42 cikin 100 idan aka gwada da wasu birane makamantansa.

A Siri Lanka kuma, alkaluma ne suka nuna cewa magungunan ƙwari na gona su ne kan gaba wajen kashe kai. Da aka haramta mafiya dafi daga cikinsu, kashe kai ya ragu da kimanin kashi 70 cikin 100 tsakanin 1995 da 2015.

Halin Da Muke Ciki

A unguwa irin ta Ƙofar Galadima, wanda ya rasu da safe akan kai shi makwancinsa kafin azahar, kamar yadda addini ya koyar. Liman ya sani, mai unguwa ya sani, masu gina kabari sun sani, amma ba safai ake rubutawa ba, ko da yake doka mai lamba 69 ta 1992 ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa a hannun Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa.

Kashe kai ya fi wuyar ƙirguwa. Iyali sukan ɓoye shi don gudun abin kunya, ga shi kuma sashe na 231 na dokar Final Kod ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ya mai da yunƙurinsa laifi mai ɗaurin da kan kai shekara guda. Wanda ke tsoron gidan yari ba zai gaya wa likita gaskiya ba.

Shawarwari

Na farko, a ba mai unguwa littafi, ya riƙa rubuta shekarun mamaci, da jinsinsa, da ranar rasuwa, da sanadinta gwargwadon sani. Na biyu, asibitocin da mutanen birni ke zuwa, kamar na Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan da asibitin koyarwa na Shika, su riƙa rubuta wuri da lokaci da makami ko guba. Na uku, a riƙa haɗa waɗannan bayanai duk bayan wata uku a gaban hakimi da jami'an lafiya da 'yan sanda. In an ga sara da suka sun yawaita a lungu ɗaya, a kai fitila da sintiri can. In guba ce, a bi sawun masu sayar da ita.

Kammalawa

Sharaɗin wannan aiki duka shi ne rufin asiri. Ranar da sunan wani gida ya fita, daga ranar babu mai sake faɗin gaskiya, littafin kuma ya tashi daga aiki. Saboda haka muna kira ga mahalarta wannan taro da su fara tattauna wanda ya cancanci riƙon wannan amana.