Kek Ɗin Cuku Na Amurka: Sirrinsa Yana Cikin Ƙwaryar Nono

Jama'a, idan an ce kek, hankalinku zai tafi ga fulawa da yis ko bakar hoda. To wannan da Amurkawa ke kira cizkek ba haka yake ba. Kusan babu fulawa a cikinsa. Cuku ne mai laushi, da ƙwai, da sukari, a gasa su a hankali har su kama jiki. Wato abin nono ne, shi ya sa muka ga ya dace mu kawo muku shi, ku da nono ke hannunku.

Wanda ya fi suna shi ne na birnin Niyok. Cukun da ake yinsa da shi, wani mai sana'ar madara, William Lawrence, ya fara sarrafa shi da yawa a garin Chester na jihar Niyok a 1872. Daga baya aka sa masa suna Philadelphia, sunan da har yau kuke gani a jikin kwalinsa a manyan kantuna. A dokar Amurka, sai maiƙonsa ya kai kashi 33 cikin ɗari kafin a kira shi da wannan suna na cuku mai kirim.

Nan ne fa mutane ke yin asara. Kada ka ji an ce cuku ka ɗauko cukun nan busasshe na Abalak ko Tawa da ake ci da shayi. Ba zai narke ya yi santsi ba, ko ka kwana kana daka. Wagashi na Benin da Gana, wanda ake ɗaure shi da tumfafiya, shi ma ba ya narkewa a wuta. Ai shi ya sa ake iya soya shi. Abin da ake nema shi ne mai laushi kamar man shanu, mai ɗan tsami-tsami.

Na kanti yana da tsada, kuma in ya sha rana a hanya ya lalace. Amma kindirmo na kusa da shi. A dafa madara tukuna ta tafasa, wannan ba abin wasa ba ne, don ɗanyar madara na iya ɗauke da tarin fuka da cutar bakkale. A bar ta ta huce, a sa mata iri ta kwana. Kada a kaɗa a cire mai. Sai a juye a farin ƙyalle mai tsabta, a ɗaure, a rataye a wuri mai sanyi, ruwan ya tsiyaye har ya yi kauri, cokali ya tsaya a ciki. Kusan lita 3 ke ba da kilo 1, ya danganta da kaurin nonon. Nonon shanunmu ya fi na shanun Turai maiƙo, amma duk da haka tataccen kindirmo bai kai na Amurka ba. Don haka a ƙara maiƙon da ke tasowa saman madara, da cokali 2 na garin sitacin masara. A gaskiya ɗanɗanon zai fi na Niyok tsami kaɗan. Ni dai a ganina hakan bai rage shi da komai ba.

Ga awon: cuku giram 900, sukari giram 250, ƙwai 4, kindirmo kofi ɗaya, ɗan banila da ruwan lemun tsami. Na ƙasa kuma, a daka biskit mara kirim giram 200, a cuɗa da narkakken man shanu giram 90, a danne shi a gindin gwangwani, a gasa minti 10.

Wajen haɗi, a murza cuku da sukari har gudaji su ɓace, sannan a sa ƙwai ɗaya bayan ɗaya. Da ƙwai ya shiga, a sassauta hannu. In kin buga shi da ƙarfi kamar kina kaɗa nono, Hajiya, iska za ta shiga, ya kumbura a wuta, ya dawo ya faɗa, samansa ya tsage kamar ƙasar fadama da rani.

Wuta ita ce sauran magana. Ƙwai ba ya son gaggawa. In zafi ya yi yawa sai ya ƙulle ya saki ruwa. Shi ya sa ake naɗe gindin gwangwanin da takardar alminiyom, a zaunar da shi cikin faranti mai ruwan zafi, a gasa a digiri 160 na kimanin awa ɗaya da kwata. Ruwa ba ya wuce digiri 100, sai ya zama garkuwa tsakanin kek da wuta. Wanda ba shi da obin yana iya turara shi a babbar tukunya bisa garwashi kaɗan, a ɗaura ƙyalle a murfi don kada ruwa ya ɗiga. Samansa ba zai yi ja ba, amma zai nuna.

Yaya za ka gane ya yi? Girgiza gwangwanin kaɗan. Gefe ya tsaya cik, tsakiya na ɗan rawa, to sauke. In ka jira tsakiyar ta daskare, ka wuce gona da iri. A bar shi ya huce a hankali, sannan ya shiga firiji, ko firigo in ji mutanen Nijar, aƙalla awa 6. Kwana ya fi.

Kai kuma ɗan kasuwa da ka fara lissafin riba, tsaya ka ji. Wannan ba kilishi ba ne, ba kuma cukun da ake ɗaurewa a buhu a ƙetara iyaka da shi ba. Ƙa'idar masana abinci a Amurka ita ce kada ya wuce awa 2 a waje, in kuma zafi ya haura digiri 32, awa 1 kacal. Ka san yadda rana take a layin motoci a bakin iyaka. Zai iya lalacewa bai yi wari ba, wanda ya ci ya kwana da gudawa. In babu tsayayyar wuta ko kula mai ƙanƙara, a yi shi don gida ko biki, a yanka, a cinye. A firiji mai sanyi sosai yana kai kwana 4.