'Yar Ƙwaƙwalwar Da Ke Tsaron Famfon Ƙungiya

'Yan'uwa manoma na Kura da Bunkure, a shekarar 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga, wadda ruwanta ke bin magudanai har gonakin Kadawa. A shekarar nan kuwa wani kamfanin Amurka, Texas Instruments, ya fara sayar da wata 'yar ƙwaya wadda ba ta kai akwatin ashana ba, wato maikurokontirola. Ga ta yau a bakin gonarmu.

Kwamfuta ce sukutum cikin ƙwaya guda. Tana da sashen lissafi, da agogo, da ma'ajiya iri biyu. Ɗaya tana riƙe umurnin da aka rubuta mata ko wuta ta ɗauke. Ɗayar kuwa, da wuta ta tafi sai ta manta. A gefenta akwai ƙafafun ƙarfe. Da waɗansu take ji, da waɗansu take ba da umurni. Wadda ke kan allon Arduino Uno, da ɗalibai ke koyo da shi, bolt 5 kaɗai take bukata.

To, ina ruwan manomi? Ku dubi akwatin da ke tsakanin faifan hasken rana da famfo. Wanda gonarsa ke ƙarshen magudana ya san ruwa ba kullum yake isowa ba, tilas a haƙa rijiya. In ruwan rijiya ya ja baya da bazara, famfo kuwa yana ta juyawa a bushe, ƙonewa zai yi. Ƙwayar nan ce ke lura, ko ta wayar da aka zura cikin rijiya, ko ta ganin famfo ya rage jan wuta. Sai ta kashe shi, ta jira ruwa ya taru, sa'an nan ta tashe shi. Irinta ce kuma ke daidaita zafi cikin injin ƙyanƙyasar ƙwai na zumuntar mata har kwana 21.

Wani mai gyara zai ce akwatin ne ke yanke muku ruwa, a tsallake shi a haɗa waya kai tsaye. Kada ku yarda. Gama kuɗin famfon nan, har da na gwauraye a ciki, tumatir mai fure kuwa ba ya jiran a sake tara wani.

Ba kowane akwati ke da wannan tsaro ba. Kafin ma'aji ya biya, mai sayarwa ya gwada shi a gaban mutum biyu na kwamiti. A kafa shi a inuwa, inda ruwan sama da ƙurar hunturu ba za su shige shi ba.