Halin marubuta sai su: abubuwan ban mamaki a taƙaice

Yau kan marubuta muka faɗa, mutanen da mukan zaci alƙalaminsu gudu kawai yake yi. Ashe kowanne sai ya sha dambe da kasala da shakka da talauci kafin littafi ya iso hannunmu. Ga kaɗan daga ciki.

A 1830 wani marubuci a Faris ya ga wa'adin mai ɗab'i ya ƙarato, sai ya sayi kwalbar tawada, ya kulle kayan fitarsa, ya lulluɓa da ƙaton mayafin ulu don kada ma ya yi sha'awar leƙa titi. Wata biyar ba su cika ba littafi ya kammala. Ba riga, ba yawo!

Fiye da shekara 2,000 kafin shi, an ruwaito wani gwanin jawabi a Girka yakan aske rabin kansa ya bar rabi, don kunya ta tsare shi a ɗaka har ya gama bita. Aska ma ta yi wa ilimi hidima.

A Ingila ta ƙarni na 19, wani ma'aikacin gidan waya kan zauna tun ƙarfe 5:30 na asuba, agogo a gabansa, ya rubuta kalma 250 duk minti 15 kafin ya tafi aiki. Ya rasu ya bar littattafan hikaya 47. Yau da gobe ke sa allura haƙa rijiya.

A zamanin Jahiliyya akwai mawaƙin Larabawa da kan shekara a kan ƙasida ɗaya: an ce wata 4 yana tsarawa, 4 yana gyara, 4 yana karanta wa masana. Sannu ba ta hana zuwa!

Larabawan wancan lokaci sun yarda kowane gwanin mawaƙi yana da aljani mai raɗa masa baitoci, har suna da kwarin da suke cewa nan ne matattarar aljanun, wato Abƙar. Aljani da raɗa, mawaƙi da gumin gyara.

Wani mawaƙin Jamus kuwa ruɓaɓɓun tuffa yake tarawa a aljihun tebur, wai warinsu ke motsa masa basira. Abokinsa da ya zauna a teburin sai da jiri ya kwashe shi, ya ruga taga neman iska. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

A 1866 bashi ya sha kan wani marubucin Rasha, ga yarjejeniyar cewa in bai kawo sabon littafi ran 1 ga Nuwamba ba, ya rasa haƙƙin rubuce-rubucensa na shekara 9. Ya ɗauki wata budurwa mai saurin rubutu yana yi mata shifta, suka gama cikin kwana 26, bayan 'yan watanni aka ɗaura musu aure. An je neman akawu, an dawo da amarya!

A 1966 wani ɗan Kolombiya da matarsa suka kai rubutun littafinsa gidan waya a Meziko, kuɗin aikawa zuwa Ajantina ya gaza, suka raba shi biyu. A cewarsa, sai daga baya suka lura rabin ƙarshe suka tura, amma littafin ya fito a 1967 ya kuma sayu miliyoyi. Rabon kwaɗo ba ya hawa sama.

A Landan, 1835, wani ya ba abokinsa kundin farko na littafin tarihinsa ya duba, 'yar aikin gidan ta ɗauka tarkace ne ta hura wuta da shi. Bawan Allah ya share hawaye ya sake rubutawa daga farko, littafin ya fito a 1837. A riƙa ajiye kwafi, jama'a!

Wani marubuci ɗan Furag da ya rasu a 1924 ya bar wa amininsa wasiyyar ya ƙone duk rubutun da bai buga ba. Aminin ya ƙi, ya buga, ga shi yau ana nazarin littattafan a jami'o'in duniya. Ba kullum marubuci ke iya alƙalancin aikinsa ba.

Wani Ba'amurke da ya fitar da littafin yaƙi a 1929 ya ce sau 39 ya sake shafin ƙarshe, da aka tattara takardunsa kuwa sai ga ƙarshe iri 47. Fara labari da sauƙi, sauke shi ne aiki.

A 1846 wasu 'yan mata uku 'yan ɗaki ɗaya a Ingila suka buga waƙoƙinsu da sunayen maza, aka sayi kwafi 2 tak. Ba su karaya ba, a 1847 kowacce ta fito da littafin hikaya, har gobe ana karanta su. Kasuwar yau ba ita ce ta gobe ba.

A 1969 wani a Faransa ya rubuta littafi mai shafi kusan 300 babu harafin "e" ko ɗaya, alhali shi ne harafin da ya fi yawa a Faransanci. Ku gwada wasiƙa da Hausa babu "a", mu ga gudun ruwanku!

A 1978, a wani kurkukun Kenya, wani marubuci ya rubuta littafi sukutum da harshen Kikuyu a kan takardar bayan gida. An kulle ƙofa, labari ya fita.

Wani ɗan jaridar Faransa da jikinsa ya shanye, sai idon hagu kaɗai ke motsi, ya yi littafi da ƙiftawa: ana jero masa haruffa, in an zo kan wanda yake so ya ƙifta. Littafin ya fito a 1997, kwana 2 kafin rasuwarsa. Wanda ke da yatsu goma, ina uzuri?

A nan gida, marubutan waƙoƙin ajami kan rufe waƙa da ramzi, wato kalmar da in ka haɗa lissafin haruffanta sai shekarar Hijira ta fito, galibi kuma su roƙi wanda ya ga kuskure ya gyara. Ga lissafi, ga tawali'u, duk a baiti ɗaya.

Da aka shirya gasar ƙaga labari daga Zariya a 1933, malamai da dama sun ga abin tatsuniya ce ta mata da yara. Duk da haka aka sami littattafai 5 da suka fara fita daga 1934, suka buɗe ƙofar ƙagaggun labaran Hausa na boko. Gizo ya sami abokan aiki masu alƙalami!

To, kai mai littafin nan da ya shekara a ƙarƙashin katifa, da ke mai labarin da ya tsaya a babi na uku cikin waya, ku ƙara masa shafi ɗaya yau kafin barci. Muna jiran kwafinmu. Sai mun sake haɗuwa!