Jif a Hanyar Birnin Gwari: Asalinta, Ƙirarta da Tsabtar Cikinta

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga Kaduna ta ratsa Buruku da Udawa zuwa Birnin Gwari ya san cewa kwalta ba ta kai ko'ina ba. Da zarar an sauka daga babban titi aka nufi ƙauyukan da ke gefen dajin Kamuku, sai a shiga burji da kwazazzabai, da damina laka, da rani ƙura. Shi wannan daji an keɓe shi tun 1936, aka mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999, kuma faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 1,121. A irin wannan wuri, motar da za ta kai allurar rigakafi ko ta ɗauko mai naƙuda ba kowace mota ba ce. Kuma a shekarun da 'yan bindiga suka addabi yankin, lalacewar mota a tsakiyar daji batu ne na rai da mutuwa. Saboda haka bari mu duba motar da aka fi dogara da ita a irin wannan aiki, wato Toyota Land Cruiser.

Mu Hausawa duk wata doguwar mota mai ƙirar akwati jif muke ce mata. Sunan ya samo asali ne daga Jeep, wata ƙaramar motar sojan Amurka ta zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. Da yaƙin Koriya ya ɓarke a 1950, aka buƙaci irinta daga kamfanonin Japan, sai Toyota ya ƙera tasa a 1951, ya sa mata suna Toyota Jeep BJ. A wannan shekarar ce wani direban gwaji mai suna Ichiro Taira ya hau Dutsen Fuji da ita har zango na shida. Da yake sunan Jeep mallakar kamfanin Willys ne, a 1954 aka sauya mata suna zuwa Land Cruiser. Daga nan samfura suka yi ta fitowa: na 40 a 1960, na 60 a 1980, sai na 70 a 1984, wanda har yanzu ake ƙerawa don aikin wahala. Na 100 ya fito a 1998, na 200 a 2007, na 300 kuma a 2021. Ya zuwa 2019 an sayar da fiye da miliyan 10 a duniya. Maƙwabtanmu na Chadi sun san ta sosai, domin a 1987 sojansu sun fatattaki dakarun Libiya a kan motocin Toyota, har aka riƙa kiran faɗan Yaƙin Toyota.

To, me ya bambanta ta da ƙaramar mota? Abu na farko shi ne ƙashin bayanta. A ƙananan motoci bodi da shasi a haɗe suke, amma ita an ɗora bodinta a kan shasi na ƙarfe mai siffar tsani, wanda ke shanye murɗiya da girgizar hanya. Samfurin 300 tsawonsa ya kusa mita 5, faɗinsa ya kusa mita 2, nauyinsa kuma wajen tan biyu da rabi. Tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya milimita 2,850 ce, kuma tun daga samfurin 80 ba a sauya ta ba. Injinsa mai silinda 6 ne, na dizal lita 3.3, da giya 10 mai sauya kanta. Tana iya ratsa ruwa mai zurfin santimita 70. Wannan iyaka ce, ba gayyata ba: idan ruwa ya shiga inji ta hanyar iska, tun da ruwa ba ya matsuwa kamar iska, sai sandunan cikin inji su lanƙwashe nan take.

Abu na biyu, wanda ya fi dacewa da ajin kimiyya, shi ne yadda ake raba ƙarfi ga tayoyi. Mu ɗauka tazarar da ke tsakanin tayar dama da ta hagu mita 1.6 ce. Idan mota ta yi kwana ta juya baya, wato rabin da'ira, tayar waje za ta fi ta ciki tafiya da 3.14 sau 1.6, kimanin mita 5 ke nan. Dole ne a bar kowace taya ta juya da saurinta, kuma wannan shi ne aikin difarenshal. Amma yana da aibi: idan taya ɗaya ta faɗa laka, duk juyin sai ya tafi gare ta, ta yi ta watsa taɓo, ita kuwa wadda ke kan tsandauri ta tsaya cik. Maganin haka shi ne a aika ƙarfi ga tayoyi huɗu, a kuma sa makulli da zai tilasta musu juyawa tare. Akwai kuma giyar taimako, wadda direbobi ke kira ogzilari, mai rage gudu kusan ninki biyu da rabi ta ƙara ƙarfin ja daidai da haka. Sai dai tsawon da ke hana cikinta gogar ƙasa shi ne kuma rauninta. Cibiyar nauyinta tana sama, don haka ta fi ƙaramar mota saurin kifewa a kwana, balle a ce an jibga buhunan masara a rufinta.

Yanzu mu shiga cikin motar. Direbobi da yawa na mamakin yadda ƙura ke cika kujerun baya alhali gilasai a rufe suke. Dalili shi ne, idan mota mai ƙirar akwati tana gudu, matsin iska a bayanta yakan ragu, ƙura ta riƙa kewaye a wurin, ta kutsa ta duk inda robar ƙofa ta tsage. Idan aka ɗan buɗe gilashi, matsin cikin motar ma ya ragu, sai ta ƙara zuƙo ƙurar. Dabara ita ce a rufe gilasai, a kunna fanka tana jawo iskar waje ta cikin matata, yadda matsin ciki zai ɗara na waje. Sai za a gitta wata mota ne a mai da ita mai juya iskar ciki na ɗan lokaci. Wannan ba batun ƙura ba ne kaɗai. Ta wannan tsagar ce hayaƙin salansa ke shiga, kuma a cikinsa akwai iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ko wari, amma tana sa ciwon kai da gyangyaɗi, har ta kai ga kisa. Robar ƙofar baya da ta mutu a sake ta.

Wajen shara, a fara da bushewa. A fitar da tabarmin ƙafa a kakkaɓe, a bi kujeru da buroshi mai laushi ko na'urar zuƙar ƙura, daga sama zuwa ƙasa. Ƙurar hunturu, wadda yawancinta ke tasowa daga kwarin Bodele na Chadi, tana ɗauke da ƙwayoyin silika masu kaifi, don haka goge gilashi ko allon sitiyari da busasshen tsumma karce shi ne. A jiƙa tsumma, a matse, a sa ɗan sabulu kaɗan. Abin da nake gani a wuraren wankin mota, inda ake zura tiyo a cikin mota a yi ta fesa ruwa, kuskure ne babba. A ƙarƙashin kafet da kujeru akwai wayoyi da na'urorin lantarki, har da mai sarrafa jakar iskar kariya. Ruwan da ya kwanta a nan yakan jawo tsatsa, ya kuma haifar da fumfuna mai tayar da asma. Idan kafet ya jiƙe da damina, a buɗe ƙofofi a rana sai ya bushe sarai. Bel ɗin kujera kuwa sabulu da ruwa kawai yake so, domin bilic na raunana zarensa. Fetur da kananzir ba kayan goge-goge ba ne.

Motar da ke ɗaukar hatsi tana da wata matsala. Ƙwayoyin masara da suka maƙale a ƙarƙashin kujera suna kiran ɓeraye, su kuwa suna cin wayoyi, kuma wani nau'insu na yaɗa zazzaɓin Lassa ta fitsari da kashi. An fara gano cutar a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu. Idan aka ga kashin ɓera, kada a share shi a bushe ƙurarsa ta tashi. A jiƙa shi da ruwan bilic tukuna.

Haka nan idan an ɗauko majinyaci jini ko amai ya zuba. A sa safar hannu ta roba, a kwashe da tsumman da za a ƙone ko a binne, a wanke wurin da sabulu, sannan a shafa ruwan bilic mai ƙarfin kashi 0.5 cikin ɗari, a bar shi minti 10 kafin a goge da ruwa. Ga lissafi ga ɗalibai: idan an rubuta kashi 3.5 a jikin kwalbar, a raba 3.5 da 0.5, a sami 7, wato awo ɗaya na bilic da awo 6 na ruwa. A haɗa sabo kowace rana, a yi aikin ƙofofi a buɗe, kuma kada a gauraya shi da wani maganin wanki, domin yakan saki iska mai guba. Bilic na cin launin yadi da fata, shi ya sa ya kamata motar asibiti ta zama kujerunta da daɓenta na roba ne.