Ajiye aiki a lokacin korona: Wa ya cancanci tallafin rashin aikin yi a Amurka?

A watan Afrilun 2020, lokacin da annobar korona ta tilasta rufe shaguna da masana'antu a Amurka, rashin aikin yi ya haura kashi 14 cikin 100. Waɗanda aka sallama sun garzaya neman tallafi a jihohinsu. Amma ma'aikatan manyan kantuna da kamfanonin sarrafa nama, waɗanda ba a sallama ba, sun shiga halin gaba kura baya sayaki: ko su je aiki su kwaso wa iyalinsu cuta, ko su ajiye aikin su rasa abin sakawa a bakin salati.

Me doka ta tanada?

A Amurka kowace jiha ce ke tafiyar da shirinta na tallafin marasa aiki, kuma yawancinsu na biya har tsawon mako 26. Sharaɗin shi ne mutum ya rasa aikinsa ba da laifinsa ba. Wanda ya ajiye aiki don raɗin kansa ba ya samun ko sisi, sai ya kawo ƙwaƙƙwaran dalili, kamar wurin aiki mai haɗari ga lafiya.

A ranar 27 ga Maris, 2020, Shugaba Donald Trump ya sa hannu kan dokar CARES. Dokar ta ƙara dala 600 a kowane mako kan abin da jihohi ke biya, har zuwa ƙarshen Yuli. Ta kuma kawo shirin PUA na tsawon mako 39, wanda ya haɗa da masu sana'ar kansu da waɗanda annobar ta tilasta wa barin aiki kai tsaye.

Tsoro kaɗai bai isa ba

Ma'aikatar Ƙwadago ta ƙasar ta fayyace cewa fargabar kamuwa da cutar ita kaɗai ba hujja ba ce. Wanda likita ya umarta ya killace kansa, ko mai jinyar ɗan gidansu da ya kamu, ko uwar da aka rufe makarantar 'ya'yanta kuma ita ce mai kula da su, duk suna iya cancanta a wancan lokacin. Wanda kuwa ya bar aiki don kawai ya karɓi kuɗin, zamba ya aikata, kuma za a iya sa shi ya mayar da abin da ya karɓa.

Wasu jihohin sun tsaurara. A Iowa an gargaɗi ma'aikata cewa ƙin komawa aiki bayan an kira su zai janyo musu asarar tallafin. Ohio kuma ta buɗe shafin intanet inda kamfanoni ke kai ƙarar waɗanda suka ƙi dawowa.

Sassauci ya zo a Fabrairun 2021, zamanin Shugaba Joe Biden, lokacin da aka shigar da waɗanda suka ƙi aiki a wuraren da ba sa bin ƙa'idojin kariya daga korona. Shirye-shiryen tarayyar sun ƙare a farkon Satumban 2021, aka koma kan dokokin jihohi.

Har yanzu, jami'an da ke duba buƙatar wanda ya ajiye aiki kan tambayi ko ya kai kuka ga shugabanninsa kafin ya tafi, da ko yana da takardar likita. Wanda aka hana yana da damar ɗaukaka ƙara, amma cikin 'yan kwanakin da jiharsa ta ƙayyade.