Kwamfutar da Ta Ƙi Manta Ubangidanta

Wani matashi mai shagon buga takardu a Rimin Gado, kan hanyar Gwarzo, ya sayo kwamfutar tafi-da-gidanka 'yar kwatano daga birni. Tana aiki lafiya lau har ranar da ya goge ta don ya sa sabuwar Windows. Yana jona ta da datar wayarsa, sai allo ya fito da sunan wani kamfanin ƙasar waje, ana neman adireshin imel na ma'aikaci. Ba gaba, ba baya.

Da farko an zargi bairos. Aka sake yi mata fomatin, saƙon ya dawo. Mai gyara ya ce, "Malam, a ma'ajiyar bayanai abin ya maƙale." Aka cire ta, aka sa sabuwa fil, saƙon ya sake fitowa. To na'urar da aka wanke tas, a ina ta samo sunan kamfanin?

Sai mai gyaran ya lura da wani abu. Muddin ba a kunna data ba, komai na tafiya daidai. Ana jonawa sunan ke bayyana. Ashe daga waje saƙon yake zuwa.

Nan aka kama bakin zaren. A 2017 Microsoft ya fito da tsarin Windows Autopilot domin manyan ma'aikatu. Kamfanin da ya sayi kwamfutoci yakan yi wa kowace rajista a rumbunan Microsoft da wata shaida da ake haɗawa daga lambar jikinta da bayanan kayan cikinta. Duk lokacin da ake saita Windows daga farko kuma aka samu intanet, na'urar kan aika shaidar. In an gane ta, sai a haɗa ta da asusun kamfanin na Entra ID, wanda kafin 2023 ake kira Azure Active Directory, daga nan tsarin Intune na Microsoft ya zuba mata manhajoji da dokokin aiki ba tare da injiniya ya taɓa ta ba. Shi ya sa canza ma'ajiya bai yi magani ba: rajistar tana can, jikin na'urar ake ganewa.

Wannan ba ya nufin lalle kayan sata ne. Sau da yawa kamfani kan sayar da tsofaffin na'urorinsa, a manta ba a cire su daga rajista ba. Wasu masu gyara kan kauce ta hanyar saita Windows ba intanet, amma ranar da aka sake gogewa matsalar za ta dawo. Maganin dindindin shi ne a cire rajistar, kuma aikin tsohon mai ita ne.

Kuɗin da mai ƙaramin shago ya daɗe yana tarawa bai kamata ya tafi a banza ba. Don haka mai saye, ko a kasuwar Farm Centre ko a ina, ya sa a goge na'urar a gabansa, a jona ta da intanet, ya ga ta buɗe ba sunan kowa, kafin ya ƙirga kuɗi.