Wayar Salula da Aljihun Talaka

A cikin dukkan fasahohin sadarwa na zamani, babu wadda ta kai hannun talaka kamar wayar salula. Kafin kamfanonin MTN da Econet su fara aiki a Najeriya a shekarar 2001, layukan wayar tarho a ƙasar ba su kai rabin miliyan ba, kuma galibinsu suna ofisoshin gwamnati da gidajen masu hali. Yau har mai tallar ƙosai tana da lamba.

Amfani na farko da wayar ta kawo shi ne sanin farashi. A da, ɗan kasuwar hatsi a Damagaram sai ya hau mota ya kashe kuɗi da yini guda kafin ya san nawa ake sayar da buhun gero a wata kasuwa, wani lokacin ma ya dawo hannu rabbana. Masaniyar tattalin arziki Jenny Aker ta bi diddigin kasuwannin hatsi a Jamhuriyar Nijar daga 2001 zuwa 2006, lokacin da layin waya ke shiga garuruwa ɗaya bayan ɗaya. Ta gano cewa bambancin farashi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari, kuma ragin ya fi yawa a kasuwannin da zirga-zirga tsakaninsu ke da tsada. Dalili a fili yake: da zarar ɗan kasuwa ya ji gero ya yi tsada a wani wuri, sai ya tura kaya can, farashi ya sauko, mai saye da mudu ya samu sauƙi.

Sai dai wani bincike da Aker ta yi daga baya tare da Marcel Fafchamps ya nuna cewa kuɗin da manomi ke samu a kan amfanin gonarsa bai tashi ba. Wannan ba abin mamaki ba ne. Manomin da bashi ya ci shi, ba shi da rumbun ajiya ko kuɗin mota, dole ya sayar da kaka ko da ya san farashin kasuwar Dawanau.

Amfani na biyu shi ne tura kuɗi. A Kenya, kamfanin Safaricom ya ƙaddamar da M-Pesa a 2007, inda mutum zai ba wakili tsabar kuɗi, a mayar masa da su cikin waya, ya aika wa iyayensa a ƙauye ba tare da asusun banki ba. Binciken Tavneet Suri da William Jack na 2016 ya ƙiyasta cewa tsarin ya fitar da gidaje kusan 194,000 daga matsanancin talauci, musamman waɗanda mata ke riƙe da su. A Nijar ma, bayan fari, ƙungiyar Concern Worldwide ta raba tallafi ta waya a ƙauyukan yankin Tahoua a 2010. Matan da suka karɓa ta haka sun rage ɓata lokaci wajen tafiya da bin layi, kuma cimar gidajensu ta inganta. A arewacin Najeriya, masu POS da ke zaune ƙarƙashin lema a bakin kasuwa su ne suka zama bankin unguwa.

Akwai shingaye da fasaha ba ta tsallake su ba tukuna. Wanda bai iya karatun boko ba yakan miƙa wayarsa da lambar sirrinsa ga wani, nan ne kuma 'yan damfara ke samun ƙofa. Ƙauyuka da yawa ba su da wutar lantarki, sai an biya mai janareta ko mai sola a yi caji, kuma mata sun fi maza rashin mallakar waya. Rashin tsaro ma yana taɓa sadarwa: a 2021 an katse layukan waya a jihar Zamfara na tsawon makonni saboda yaƙi da 'yan bindiga, ciniki da aiken kuɗi suka tsaya cik a garuruwa da dama.